Lalacewar tantanin ido

Lalacewar tantanin ido suna ne da ya tattaro cututtukan da ke cin shimfiɗar jijiyoyin da ke manne a bayan ƙwayar ido ta ciki, wadda likitoci ke kira retina. Ita ke karɓar haske ta aika wa ƙwaƙwalwa. Yanar ido ana cire ta gani ya dawo, amma ƙwayoyin tantani in sun mutu ba sa farfaɗowa, don haka kulawar galibi a kan tsare ragowar gani take. Idon ba ya ja, ba ya ciwo, kuma wanda ya kalle shi daga waje zai ce lafiya lau yake.

Ire-irensa

Akwai na tsufa, mai kama tsakiyar tantanin, galibi bayan shekara 50. Mai shi yana ganin rigar mutum da hularsa amma fuskar ta dushe, tela kuma ya kasa zura zare a allura. Iri biyu ne, busasshe da ɗanye. Busasshensa ya fi yawa kuma a hankali yake ci. Ɗanyen, wanda sababbin hanyoyin jini ke tsirowa suna yoyo, yana iya ɓata gani cikin makonni. Shan taba yana ƙara haɗarinsa sosai.

Na gado kuwa, retinitis pigmentosa, yana samun kusan mutum 1 cikin 4,000 a duniya, kuma da dundumi yake farawa. Yaro ya wuni lafiya, da an yi magariba sai ya riƙa lalube a zaure yana tuntuɓe da buta. Daga baya ganin gefe ya tsuke, har babur ya zo daf da mutum a bakin kasuwar Wunti ta Bauchi bai gan shi ba. Sau da yawa ana rikita shi da dundumin ƙarancin bitamin A, wanda cin hanta da manja ke gyarawa; na gadon kuwa ba ya jin hanta. Wasu nau'o'insa sun fi fitowa inda auren zumunci ya yi yawa.

Ciwon suga da sikila su ma suna lalata tantanin.

Tarihi

Kafin Bajamushe Hermann von Helmholtz ya fito da madubin leƙa cikin ido a wajajen 1851, ba a iya duba tantanin mai rai. A 1857 Franciscus Donders, ɗan ƙasar Holan, ya raɗa wa na gado sunan da ake kiransa har yau. A Lozan ta ƙasar Suwizalan, Jules Gonin ya nuna a wajajen 1920 cewa yagewa ce ke sa tantanin ya ɓamɓare daga mazauninsa, kuma in aka toshe yagewar yana komawa. Almajirinsa Marc Amsler ne ya yaɗa, a shekarun 1940, takardar gwajin da ke ɗauke da sunansa. Abin mamaki, wannan 'yar takarda ta fi na'urori da dama daɗewa a hannun marasa lafiya.

Lura da alamomi

Takardar Amsler murabba'i ce mai santimita 10 kowane gefe, an raba ta gida 400, da ɗigo a tsakiya. Ana riƙe ta kamar santimita 30 daga fuska, da tabarau na karatu in ana sa shi, a rufe ido ɗaya da tafin hannu a kafa wa ɗigon ɗayan. In layuka suka lanƙwashe ko wasu gidaje suka ɓace, an ga alama. Rufe ido ɗayan nan shi ne ginshiƙi, domin mai lafiyar yakan rufa wa ɗan'uwansa asiri har wata da watanni. Wanda ba shi da takardar yana iya kallon ƙarafan taga ko layukan littafi.

Abin da ba ya jiran gobe shi ne walƙiya a gefen ido, baƙaƙen ɗigo masu yawo kamar ƙudaje da suka ƙaru farat ɗaya, ko inuwa kamar an ja labule. Waɗannan na iya nufin tantanin ya yage. A ranar ake zuwa asibiti, da ɗan rakiya, saboda maganin da ake ɗigawa don buɗe ɗan ido yana sa gani ya yi hazo na wasu awanni.

Magani

Ɗanyen na tsufa ana yi masa allura a cikin ido, akai-akai. Amurka ta amince da ranibizumab, ɗaya daga cikin magungunan allurar, a 2006. Amfanin bitamin A ga na gado ana saɓani a kai. Kwalli da tabarau ba sa warkar da tantani.

A Bauchi da Gombe

Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma arewa maso gabas ce ta fi, da kashi 6.1. Yanar ido ce kan gaba wajen jawo makantar, sai hawan jinin ido. Akwai sashen ido a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ana kuma tura wasu Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.