Wa ke tsaron rajistar haifuwa bayan ta shiga kwamfuta?

Me ɓarawo zai yi da takardar haifuwa?

Ita ce uwar takardu. Da ita ake samun takardar zama ɗan ƙasa, katin ɗan ƙasa da fasfo. Wanda ya gyara shekara guda a rajistar wata ma'aikatar magajin gari a Yamai ya gurɓata duk takardar da za ta biyo baya. In kuma zanen yatsa aka sace, ya fi haɗari: kalmar sirri in ta fita sai a sake wata, yatsa kuwa ba a sake shi.

Wace doka ke kare bayanan?

Doka mai lamba 2017-28 ce ta fara tsara kare bayanan mutane a Nijar, aka sabunta ta a 2022, hukumar kare bayanan mutane, wato HAPDP, ke sa ido. Doka 2019-33 ke hukunta laifukan intanet.

Ta ina ɓarna ta fi shigowa?

Hankali kan tafi ga masu kutse na ƙetare, alhali sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A leƙa ofis: kwamfuta ɗaya, ma'aikata huɗu, kalmar sirri a rubuce jikin takarda an manna ta ƙarƙashin tebur. In aka sauya ranar haifuwar wani, wa za a tuhuma? Dole kowane ma'aikaci ya sami asusunsa. Mai shigar da bayani daban, mai tabbatarwa daban, gyara kuma sai da hukuncin da doka ta tanada. Na'urar ta riƙa rubuta wa ya taɓa me, da ƙarfe nawa, a kundin da ko shugaban ofis ba ya iya gogewa. Ranar da aka yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki, ranar za a rufe asusunsa. Nan aka fi sakaci.

Aika hoton takardar haifuwa ta WhatsApp "don a gaggauta" ma ƙofa ce.

In manhajar neman fansa, wadda ke rufe bayanai har sai an biya kuɗi, ta kulle bayanan fa?

A ajiye kwafi 3 na bayanan, a kan ma'aji iri 2, guda 1 a wani gari, a ce Tahoua, ba a haɗe da intanet ba. Ambaliyar 2020 ta nuna abin da kogin Kwara ke iya yi wa Yamai. A riƙa gwada dawo da bayanan duk wata uku, don sau da yawa sai ranar buƙata ake tarar da kwafin fanko ne.

To, a watsar da rajistar takarda?

A'a. In aka yi gardama kan abin da kwamfuta ta nuna, littafin da jami'i ya sa wa hannu alƙali zai nema.