Marubuta, mawaƙa da ciwon damuwa: me littattafansu suka faɗa?

Waɗannan tambayoyi ne da kan taso idan masu son karatu a Bauchi, musamman ɗaliban jami'a, suka zauna hirar littattafai.

Da wane littafi zan fara?

Da Darkness Visible na William Styron, marubucin Amurka, wanda ya fito a 1990. Ɗan ƙarami ne, a zama biyu an gama shi. Ciwon damuwa (depression) ya kama Styron a 1985 yana da shekara 60, jim kaɗan bayan jikinsa ya daina karɓar giyar da ya daɗe yana sha. A cikin wannan hali ya je Paris karɓar kyauta, amma ko farin ciki bai ji ba, har cek ɗin kuɗin ya faɗi daga aljihunsa sai wani ne ya tsinto masa. Ya ce da safe yakan ɗan samu sauƙi, da la'asar ta gabato sai abin ya danne shi. Da ya yi tsanani ya naɗe littafin da yake rubuta sirrinsa ya jefa a kwandon shara, don ya fara shirin rabuwa da duniya. Wani dare ya ji wani kiɗa na Brahms, makaɗin Jamus, a cikin fim, ya tuna mahaifiyarsa, ya tashi matarsa daga barci. Washegari aka kwantar da shi asibiti, ya yi kusan mako bakwai, ya warke.

Mawaƙa fa?

Bruce Springsteen, mawaƙin Amurka, ya ba da nasa labarin a Born to Run (2016). Mutumin da kan cika filin wasa da jama'a ya yi sa'a uku yana waƙa, shi ne ke cewa bayan ya haura 60 ciwon ya kayar da shi, kuma ya shekara fiye da 30 yana ganin likita. Mahaifinsa ma ya yi fama da lalurar ƙwaƙwalwa.

Ashe ciwon ne ke ba su basira?

Nan ake yawan ruɗewa. A 1987 Nancy Andreasen, likitar ƙwaƙwalwa, ta binciki marubuta 30 a Jami'ar Iowa ta Amurka, ta samu kashi 80 cikin ɗari sun taɓa fama da irin wannan lalura, alhali a sauran mutanen da ta gwada da su kashi 30 ne. Kay Redfield Jamison, farfesa a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka wadda ita ma take da ciwon da ke hawa da sauka da mutum tsakanin tsananin karsashi da tsananin damuwa (bipolar), ta bi tarihin mawaƙa da marubuta a Touched with Fire (1993). To amma mutum 30 ba su isa a yanke hukunci da su ba. Kuma a ganina littattafan da kansu sun ƙaryata zancen: Styron ya kasa rubutu lokacin da yake ciki, sai da ya warke ya ɗauki alƙalami. Sylvia Plath kuwa, marubuciyar Amurka, littafinta The Bell Jar ya fito a Janairun 1963, a Fabrairu ta kashe kanta tana da shekara 30.

Akwai na 'yan Najeriya?

Akwai I'm Telling the Truth but I'm Lying (2019) na Bassey Ikpi, haifaffiyar Kuros Riba da ta tashi a Amurka.

Idan na karanta na ga kamar ni ake nufi?

Idan baƙin ciki, rashin barci, ƙin abinci da rashin sha'awar komai sun wuce mako biyu, a ga likitan ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na ATBU da ke Bauchi ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Za ka ji masu cewa "sammu ne", ko "ba ka da tawakkali". Addu'a ba ta hana shan magani, kamar yadda ba ta hana mai hawan jini shan nasa. Wanda kuma ya fara maganar kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.