Waiwaye: Leland Stanford da dukiyar da ta fito daga hanyar dogo

Idan aka ambaci Stanford a yau, jami'ar nan ta Kalifoniya ce ke zuwa rai, inda aka ƙyanƙyashe Google. Kuɗin da suka gina ta kuwa daga jirgin ƙasa suka fito, kuma yadda aka tara su abin a duba ne.

An haifi Leland Stanford a jihar New York a 1824. Lauya ne da fari. Da gobara ta lashe masa ofis a 1852 sai ya tattara ya nufi Kalifoniya, lokacin ana rububin zinariya. Bai shiga rami ba, kanti ya riƙe yana sayar wa mahaƙa kaya. A 1861 shi da 'yan kasuwar Sakramento uku, Huntington da Hopkins da Crocker, suka kafa kamfanin Central Pacific, aka ba shi shugabanci. A shekarar kuma ya ci zaɓen gwamna. Wuƙa da nama ke nan duk a hannunsa.

Dokar da Shugaba Lincoln ya sa wa hannu a 1862 ta ba kamfanin filaye da rancen gwamnati: dala 16,000 a kowane mil na fili, dala 48,000 a cikin duwatsu. Nan aka yi wayo. Aka samo masanin ƙasa ya shaida cewa tsaunukan Sierra Nevada sun faro ne kimanin mil 7 daga Sakramento, inda ƙasa take shimfiɗe sumul. Lincoln ya amince, kuɗin tsauni suka fara shigowa tun ba a ga hawa ba.

Sai batun lebura. A jawabinsa na kama mulki a Janairun 1862, Stanford ya kira 'yan China ƙasƙantaccen jinsi, ya nemi a hana su shigowa. Da ma'aikata suka yi ƙaranci a 1865, su ɗin dai kamfaninsa ya koma wa, har suka kai fiye da kashi 80 cikin 100 na masu aikin. Su suka huda duwatsu suka fitar da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa 15, wani lokaci suna kwana a ƙarƙashin dusar ƙanƙara. Ladansu bai kai na Turawa ba, abinci ma daga aljihunsu. Da suka shiga yajin aiki a Yunin 1867, Crocker ya datse hanyar kai musu abinci, cikin kusan mako guda suka koma.

Ranar 10 ga Mayun 1869 aka haɗe layin gabas da na yamma a Promontory da ke Utah, tafiyar watanni ta koma ta kusan mako. Tukuicin 'yan China ya zo a 1882: dokar hana leburorinsu shiga Amurka.

Stanford ya zama sanata a 1885. Shekara guda kafin nan taifot ta kashe ɗansa tilo mai shekara 15 a Florence ta Italiya, da sunansa kuma aka buɗe jami'ar a 1891. Bayan rasuwar Stanford a 1893 gwamnati ta maka magadansa a kotu tana neman dala miliyan 15 na tsohon rancen, jami'ar ta kusa durƙushewa. Kotun Ƙoli ta ba matarsa Jane gaskiya a 1896.

Sai a 2012 jami'ar ta buɗe bincike na musamman kan leburorin nan, a 2014 kuma ma'aikatar ƙwadago ta Amurka ta saka su cikin jerin ma'aikatan da take karramawa.