Tambayoyi da Amsoshi Kan Neman Gurbi a Makarantar Hafsoshin Soja ta Kaduna

Wace makaranta ce NDA, kuma me ya bambanta ta da makarantar kurata ta Zariya?

NDA ita ce Makarantar Hafsoshin Soja ta Najeriya, an kafa ta a Kaduna a shekarar 1964 domin horar da hafsoshin sojan ƙasa da na ruwa da na sama, ta kuma fara bayar da digiri a 1985. Mazauninta na dindindin yana Afaka, a ƙaramar hukumar Igabi. Wanda ya shiga makarantar kurata ta Zariya yana fita a matsayin ƙaramin soja bayan 'yan watanni, shi kuwa ɗalibin NDA yakan shafe shekara biyar, huɗu na karatun digiri haɗe da horo, ɗaya ta horon soja zalla, kafin a liƙa masa anini a kafaɗa.

Daga ina ake fara nema?

Daga JAMB ake farawa, kuma a nan ne matasa da dama suke yin asarar shekara guda ba tare da sun ankara ba. Dole ne mai nema ya zaɓi NDA a matsayin zaɓinsa na farko lokacin rajistar jarrabawar, sannan ya cike fom ɗin makarantar a shafinta na intanet idan an buɗe. Wanda ya sami makin da aka ƙayyade, wanda ya daɗe yana kan 180 ga yawancin fannoni, ya kuma fi haka ga masu son injiniyanci, shi ake kira ya zauna jarrabawar tantancewa ta makarantar.

Waɗanne sharuɗɗa ake dubawa?

Ana buƙatar ɗan Najeriya marar aure, mai kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da lissafi, waɗanda ya samu a zama ɗaya ko biyu na WAEC ko NECO. Tsawon namiji kada ya gaza mita 1.68. Shekarun da aka daɗe ana nema su ne 17 zuwa 21, amma tunda sanarwar kowace shekara ita ce abin dogaro, ya kamata a karanta ta da kyau kafin a biya kuɗin fom. Mata ma suna nema, domin tun 2011 aka fara ɗaukarsu.

Me ya sa ake matsa wa takardar asalin ƙaramar hukuma?

Saboda ana raba guraben ne jiha jiha, bisa tsarin daidaito tsakanin sassan ƙasa, don haka ɗan Jigawa da 'yan Jigawa yake takara, ba da 'yan Legas ba. Wannan tsari yana taimakon jihohin da karatun boko bai yi zurfi a cikinsu ba, sai dai kuma shi ya sa ake bin takardu da idon basira. Idan sunan da ke kan takardar haihuwa ya saɓa da na sakamakon jarrabawa, ko ranar haihuwa ta bambanta da wadda ke kan lambar NIN, hakan kaɗai yana iya mayar da yaro gida komai ƙoƙarinsa. A ganina, gyaran takardu tun yaro yana ajin ƙarshe na sakandare ya fi neman wasiƙar wani babban mutum amfani nesa ba kusa ba.

Me ke faruwa bayan an ci jarrabawar?

Sai a gayyaci mutum gaban kwamitin zaɓe na rundunonin soja a Kaduna, inda zai kwashe kwanaki ana gwada lafiyarsa da ƙarfin jikinsa, ana sa shi gudu, ana kuma yi masa tambayoyi baki da baki. Likitoci suna duba gani da ji da jini da yanayin ƙafafu. Daga nan ake fitar da sunayen waɗanda aka ɗauka da na 'yan jiran ko ta kwana.

Ana biyan kuɗi don samun gurbi?

Ban da kuɗin fom, ba a sayar da gurbi, kuma gwamnati ce ke ɗaukar nauyin karatu da abinci da kakin ɗalibai. Duk wanda ya kira iyaye a waya yana cewa a tura kuɗi zai saka sunan ɗansu, ɗan damfara ne, a kai rahotonsa ga 'yan sanda.