Yarjejeniyar Legas ta 1975 da Ƙungiyar ECOWAS

ECOWAS, wadda masu magana da Faransanci ke kira CEDEAO, ƙungiya ce ta bunƙasa tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Yamma. An kafa ta ranar 28 ga Mayu, 1975, lokacin da ƙasashe 15 suka rattaba hannu kan yarjejeniya a Legas, babban birnin Najeriya na wancan zamani. Ƙasashen su ne Najeriya, Nijar, Ghana, Togo, Dahomey wadda yanzu ake kira Benin, Upper Volta wadda ta koma Burkina Faso, Mali, Senegal, Kwaddibuwa, Gini, Gini Bisau, Saliyo, Laberiya, Gambiya da Muritaniya. Cape Verde ta shigo daga baya, Muritaniya kuma ta fice a ƙarshen 2000. Tun daga 29 ga Janairu, 2025, da ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso ta tabbata, ƙasashe 12 suka rage. Ofishin ƙungiyar ya fara zama a Legas kafin a mai da shi Abuja.

Asali

Shugaba William Tubman na Laberiya ya taɓa kawo shawarar yankin ciniki na bai-ɗaya a 1964, amma abin bai yi nisa ba. Wanda ya ɗore shi ne yunƙurin Janar Yakubu Gowon da Janar Gnassingbe Eyadema na Togo, waɗanda suka soma neman goyon bayan maƙwabta a 1972. Farfesa Adebayo Adedeji, kwamishinan raya tattalin arziki a gwamnatin Gowon, shi ne ya ɗauki nauyin zirga-zirgar da tsara daftarin.

Najeriya tana da dalilinta. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, Kwaddibuwa ta amince da Biafra a matsayin ƙasa, Faransa kuma ta ba Biafra taimako. Gwamnatin Legas ta fahimci cewa zama a tsakiyar maƙwabtan da suka fi jin maganar Paris haɗari ne. Ga kuma kuɗin man fetur da ya kwararo bayan 1973. Su ma ƙasashe rainon Faransa ba su zauna ba: a 1973 suka kafa tasu ƙungiyar mai suna CEAO, wadda UEMOA, ƙungiyar ƙasashen da ke amfani da kuɗin sefa, ta gaje ta a 1994. Wannan ja-in-ja tsakanin rainon Ingila da rainon Faransa tare aka haife su da ECOWAS, kuma har yau bai rabu da ita ba. Gowon kansa bai ci moriyar aikin ba, domin wata biyu bayan sa hannun, ranar 29 ga Yuli, 1975, aka kifar da gwamnatinsa yana taro a Kampala.

Tsari

Majalisar shugabannin ƙasashe ce ke yanke hukunci na ƙarshe, shugabancinta kuma karɓa-karɓa ne. A ƙarƙashinta akwai majalisar ministoci. A 1993 aka sabunta yarjejeniyar a Kwatano, aka tanadi majalisar dokoki da kotu, dukkansu suna Abuja. A 2007 sakatariyar ƙungiyar ta koma hukuma, Mohamed Ibn Chambas ɗan Ghana ya zama shugabanta na farko. Bankin zuba jari na ƙungiyar yana Lome, hukumar lafiya an kafa ta a Bobo-Dioulasso. Kuɗin gudanarwa yana fitowa ne daga harajin kashi 0.5 cikin 100 kan kayan da aka shigo da su daga wajen yankin.

Kotun ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. Tun 2005 ɗan ƙasa yana iya kai ƙarar gwamnatinsa kai tsaye kan take haƙƙin ɗan Adam, ba sai ya gama da kotunan gida ba. A 2008 ta samu gwamnatin Nijar da laifin kasa kare Hadijatou Mani daga bauta, a 2022 kuma ta ce dakatar da Twitter da Najeriya ta yi ya saɓa doka. Matsalar kotun ita ce ba ta da ɗan sanda. Gwamnatin da ta ga dama sai ta karɓi hukunci ta ajiye a aljihu.

Zirga-zirgar jama'a

Nan ne talaka ya fi sanin ECOWAS. Ƙa'idar da aka sa wa hannu a Dakar a 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa damar shiga ƙasar maƙwabta ya yi kwana 90 ba tare da biza ba. An tsara ta mataki uku: shiga, zama, sai kafa sana'a. Na farko ya kankama sosai, na biyu da ɗan dama, na uku har yanzu rarrafe yake yi. Daga baya aka fito da fasfo mai tambarin ƙungiyar, da katin inshorar mota na 1982 wanda direbobin da ke ƙetare iyaka ke riƙewa.

Ga Bahaushe, wannan ƙa'ida ba sabuwar hanya ta buɗe ba, tsohuwa ta halatta. Fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna zuwa Gwanja da Salaga sayen goro, suna kai kanwa da tufafi da fatu, kuma zangunan da suka bari suna nan a Kumasi da Akra da Lome da Kwatano. A Legas ma haka abin yake. Cinikin goro da layin dogo ne suka zaunar da Hausawa a Agege tun farkon ƙarni na 20, daga nan jama'a suka bazu Idi-Araba da Obalende da sauran unguwanni. Wanda ya shiga kasuwar Mile 12 ko Alaba Rago ko mayankar Oko-Oba zai tarar da mutumin Katsina da na Maraɗi, na Sakkwato da na Tawa, suna ciniki da harshe ɗaya, ba mai tambayar wani fasfo. Bayerabe mai saye ma bai cika bambance su ba. Raguna na layya da shanu da albasa da wake da ke sauka a waɗannan kasuwanni, wani kaso nasu daga hayin iyaka yake zuwa, kuma dillali da fatoma ne ke riƙe amanar cinikin, ba takardar kwastan ba. Shi ya sa idan aka ji alƙaluman hukuma suna cewa cinikin da ƙasashen yankin ke yi da juna bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na cinikinsu ba, ya kamata a tuna cewa yawancin irin wannan hada-hada ba ta shiga littafi.

Gwamnatoci sun sha karya ƙa'idar da suka rubuta da hannunsu. A Janairun 1983, da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi marasa takardu. Kimanin 'yan Ghana miliyan ɗaya suka fita, da yawansu ta Legas da iyakar Seme da ke tsakanin Najeriya da Benin, kuma daga nan jakar nan mai layi-layi ta samo sunanta na "Ghana Must Go". 'Yan Nijar da Chadi ma abin ya shafe su. Masu dogon tunani sun tuna cewa Ghana ta yi irin wannan a 1969 a zamanin Busia, inda Yarabawa da Hausawa da dama suka dawo gida da abin da za su iya ɗauka kawai. Gwamnatin soja ta Buhari ta rufe iyakoki a 1984, gwamnatinsa ta farar hula ta sake rufe su daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 don hana fasa-ƙwaurin shinkafa. Ko a lokacin da iyaka take buɗe, matafiyi daga Mile 2 zuwa Badagry zuwa Seme ya san yawan shingayen da ke hanya da abin da ake miƙawa a kowanne.

Ciniki da kuɗi

Akwai tsarin da ya yafe haraji ga amfanin gona da kayan masana'antun da aka ƙera a cikin yankin, sai dai samun takardar shaidar asalin kaya ya fi ƙarfin ƙaramin ɗan kasuwa. A Janairun 2015 aka soma aiki da harajin bai-ɗaya kan kayan waje, mai hawa biyar: 0, 5, 10, 20 da 35 cikin 100. Bututun iskar gas ya tashi daga Najeriya zuwa Kwatano da Lome da Tema da Takoradi. An buɗe ofishin iyaka na haɗin gwiwa a Seme-Krake a 2018, ana kuma shirin babbar hanya mai tsawon sama da kilomita 1,000 daga Legas zuwa Abijan, wadda za ta ratsa ƙasashe biyar.

Kuɗin bai-ɗaya mai suna Eco an sha sa masa rana ana ɗagawa, ta baya-bayan nan ita ce 2027. Ƙasashe takwas na yankin suna amfani da sefa wadda aka ɗaure da yuro, naira da sidi kuwa suna hawa da sauka. Kafin Eco ta zo, 'yan canji ne ke haɗa naira da sefa, kuma Hausawa sun yi fice a sana'ar a Legas.

Tsaro da siyasa

Yarjejeniyar 1975 ta tattalin arziki ce, amma yaƙi ya ja ƙungiyar zuwa wani fage. A Agustan 1990 ta tura rundunar ECOMOG Laberiya, Najeriya ce ta ɗauki mafi yawan sojoji da kuɗi da gawawwaki. A 1998 rundunar ta mai da Ahmad Tejan Kabbah kan mulki a Saliyo, a lokacin da Janar Sani Abacha ke mulkin soja a gida, abin da masu suka ba su bari ya wuce ba. A Janairun 2017 barazanar sojojin yankin ta sa Yahya Jammeh ya bar Gambiya bayan ya sha kaye a hannun Adama Barrow. Ƙa'idar 2001 kan dimokuraɗiyya ta haramta karɓar mulki ba ta hanyar tsarin mulki ba. Sai dai ƙungiyar ta fi zafi a kan mai bindiga fiye da farar hular da ya gyara tsarin mulki don ya yi tazarce, kamar yadda aka gani a Gini da Kwaddibuwa a 2020, kuma wannan ya rage mata kwarjini a idon jama'a.

Juyin mulki ya biyo baya a Mali a 2020 da 2021, Gini a 2021, Burkina Faso sau biyu a 2022. Na Nijar, ranar 26 ga Yuli, 2023, wanda Janar Abdourahamane Tiani ya yi wa Mohamed Bazoum, shi ya fi girgiza ƙungiyar. A ƙarƙashin shugabancin Bola Tinubu ta rufe iyaka, ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta yanke wutar lantarki, aka kuma yi barazanar amfani da soja. Sanatocin Arewa da malamai da sarakuna suka ƙi, suna cewa Kano da Damagaram dangi ne. Aka tura Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar zuwa Yamai don sasantawa. Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancen Sahel, wato AES, a Satumbar 2023, suka sanar da ficewa ranar 28 ga Janairu, 2024. Janye takunkumin da aka yi a Fabrairun 2024 bai sauya musu ra'ayi ba.

Bayan ficewar, ECOWAS ta ce za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku, su ci gaba da shiga ba biza, kayansu kuma su ci gaba da cin moriyar tsarin ciniki har sai an daddale sabuwar alaƙa. Ranar 28 ga Mayu, 2025 aka yi bikin cika shekara 50 a Legas, Gowon yana cikin mahalarta. A watan Yuni na 2025 Tinubu ya miƙa shugabancin ga Julius Maada Bio na Saliyo.