Yara nawa ne a ƙauyen, nawa ne a aji?

Duk wanda ya taɓa raka dattawan ƙauye ofishin ilimi na ƙaramar hukuma neman ƙarin malami ya san abin da ake fara tambaya: "Yara nawa gare ku?" Nan za ka ga an yi tsuru-tsuru, wannan ya ce ɗari biyu, wancan ya ce sun fi haka. Daga wannan tambayar matsalar makarantar ƙauye take farawa.

Wa ya san yawan mutanen ƙaramin ƙauye?

Ƙidayar jama'a da aka yi a Nijeriya a 2006 ta ba da mutum miliyan 140. An shirya wata a 2023, aka ɗage ta. Yarinyar da aka ƙirga a goye a waccan ƙidayar yau ta isa ta goya nata. Alkaluman da ake aiki da su hasashe ne, kuma jiha da ƙaramar hukuma hasashen yake dubawa, ƙauye mai gida hamsin ba ya fitowa a ciki.

Waɗanda suka fi kusa da gaskiya su ne mai unguwa da dagaci, sai ma'aikatan rigakafin shan inna, masu bi gida-gida suna rubutu da alli a jikin bango. Su dai sun shiga har tsakar gida sun ga yaran da idonsu.

Me ya sa wasu ba sa son a ƙirga su?

Tsohon ciwo ne. A da, ƙirga magidanci na nufin haraji, ƙirga shanu na nufin jangali. Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna sun soke su bayan hawansu mulki a 1979, amma tsoron mai biro da takarda bai gama fita daga zukata ba. Ga kuma kunya da gudun baki: uwa ba ta son faɗin yawan 'ya'yanta gaban baƙo, sai ta ce "suna nan, alhamdu lillahi." Ban ga laifinta ba, sai dai da "suna nan" ba a gina aji.

To ina ruwan makaranta da wannan lissafi?

Komai a kansa yake tafiya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce kowane yaro zai yi shekara tara kyauta kuma dole: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, na samun kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma jiha ba ta taɓa kasonta sai ta ajiye nata daidai da shi. Daga nan hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, da ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ke raba ajujuwa, benci da malamai, suna duba alkaluman da makarantu suka aiko. Tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Ƙauyen da bai san yaransa ba, da wace hujja zai ce an tauye masa haƙƙi?

Me ya sa rajista ke cike amma aji ba kowa?

Sa suna daban, zuwa daban. Ka leƙa makarantar ƙauye ranar kasuwa da damina. Hedimasta na zaune a inuwar dalbejiya da rajista a cinya, yana kiran suna, amsa na zuwa jefi-jefi. Manyan yara maza suna gona wajen noman farko, mata sun ɗauki farantin talla tun hantsi. Lokacin girbi haka. Da an kai amfani gida kuma, wasu yaran sun bi malaminsu gabas karatun allo, ba a sake ganinsu sai ruwa ya sauka.

Ba duka laifin iyaye ba ne, wannan kam zan faɗa ko'ina. Uban da ya tura ɗansa sau uku yana dawowa da "malam bai zo ba" ba zai tura shi na huɗu ba alhali ga ciyawa ta ci gero. Malamin ma daga gari yake tahowa a babur, in rafi ya kawo ba hanya. A shekarun baya asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya sha cewa yara kusan miliyan 10.5 ne ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa.

In an gama aji shida fa?

Nan ake asarar 'yan mata. Ƙaramar sakandare galibi tana garin hakimi, kuma ba kowane uba zai bar budurwa ta riƙa ratsa daji kullum ba.

Yaran ruga suna cikin lissafin?

Sau da yawa ba sa ciki, don ana kallonsu a matsayin masu wucewa, ko da rugar ta shekara talatin a gefen gari. Tun 1989 aka kafa Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa, mai hedikwata a Kaduna, domin 'ya'yan makiyaya da na masunta masu ƙaura. Ardo na da damar neman irin wannan makaranta, shi ma da yawan yara za a fara tambayarsa.

Me mutanen gari za su iya yi da kansu?

Su ƙirga. Kwamitin kula da makaranta, wanda ake kira SBMC, ya samu mai unguwa da liman, a sa mata biyu masu mutunci su shiga gidaje, tunda su ba a yi musu shamaki. A rubuta kowane yaro daga shekara 6 zuwa 15: sunansa, gidansu, yana zuwa ko ba ya zuwa, da dalili. Wanda ba shi da takardar haihuwa a nemo masa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Littafin rubutu guda ya isa ƙauye mai gida hamsin. A sake bi bayan girbi, kafin 'yan cin rani su tafi, sannan a kai kwafi ɗaya ofishin sakataren ilimi, ɗaya ya zauna wurin dagaci.