Haɗin Gwiwa a Sufurin Kwantena ta Ruwa

Haɗin gwiwa a sufurin kwantena shi ne tarayyar da masu hannu a jigilar kaya suke yi a kan jiragen ruwa da jadawalin tafiya da bayanai. Kafin kwantena ta isa ga mai ita, takan bi ta hannun masana'anta, da dillalin sufuri, da kamfanin jirgi, da hukumar tasha, da kwastam, da direban tirela, kuma idan ɗayansu ya makara sai sauran duka su tsaya jiransa.

Inda abin ya fi yin nisa shi ne ƙawancen kamfanonin jirage. Manyan jiragen yau suna ɗaukar kwantena mai tsawon ƙafa 20 har fiye da 24,000, lodin da kamfani ɗaya zai sha wuya kafin ya tara duk mako, don haka sukan ba juna gurabe a jiragensu, kuɗin mai da na aiki su ragu a kan kowace kwantena, mai kaya kuma ya samu zaɓin tashoshi da yawa. Maersk da MSC sun tafi a haka daga 2015 zuwa Janairun 2025, sannan Maersk ya haɗe da Hapag-Lloyd a ƙawancen Gemini.

Sai dai raba gurbi a jirgi ya fi raba bayani sauƙi ƙwarai, kuma nan ne gizo ke saƙa. A 2018 Maersk da kamfanin kwamfuta na IBM suka kafa TradeLens, dandalin da aka so kowa ya riƙa ganin inda kwantena take da takardunta, amma a ƙarshen 2022 suka sanar da rufe shi saboda bai samu karɓuwar da ake bukata ba. Ba abin mamaki ba ne, domin ɗan kasuwa ba ya sakin jiki ya zuba sunayen abokan cinikinsa a rumbun da abokin hamayyarsa ya gina. Har yanzu takardar shaidar lodi mafi yawanci a kan takarda take yawo, ko da yake manyan kamfanonin da ke DCSA, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin musayar bayanan sufurin kwantena ta kwamfuta, sun yi alkawarin mayar da ita ta kwamfuta gaba ɗaya nan da 2030.

Tarayya tana kuma yaɗa asara. Da kamfanin Hanjin na Koriya ta Kudu ya karye a 2016, kayan da abokan ƙawancensa suka ɗora a jiragensa sun maƙale a teku tare da nasa. Hukumomi ma suna fargabar ƙawance ya danne gasa, shi ya sa Tarayyar Turai ta bar sassaucin dokar gasa da ta yi wa kamfanonin ya ƙare a Afrilun 2024 ba tare da ta sabunta shi ba.